Inda Nafisat Ta Fara

Nafisat ma'aikaciyar gwamnati ce, amma in ka gan ta ta sunkuya kan waya a ofis, kada ka ɗauka aikin gwamnati take yi. Labari take rubutawa, shafi-shafi, tana turawa zauren matan unguwarsu na WhatsApp. Sabon labarin nata na wani direba ne da ya bar mata da 'ya a Kurmin Mashi, ya ce zai kai fasinja Zariya ya dawo, bai waiwayo ba sai da yarinyar ta gama jami'a. Suna kawai ta canza. Labarin mahaifinta ne, Ɗayyabu, wanda yanzu ke kwance ba lafiya a Katabu wajen ƙanwarsa. An aiko an sake aikowa cewa yana nemanta, ita kuwa ta ce ƙafarta ba za ta taka gidan ba.

Daga safiyar da ya fita ta fara labarin. Mata kuwa suka yi ca a kan direban, mai Allah ya isa na yi, mai tsinuwa na yi. Ranta ya yi fes, don abin da take son ji ke nan.

Sai Yahya, abokin aikinta, wanda ba ya ganin rubutu ya bar shi ya zauna lafiya, ya tsoma baki.

"Nafisat, marubutan yanzu ba sa bin layi kamar masu jiran fetur. Ki ɗauko babin ƙarshe ki sa a farko, ki ga ikon Allah."

Don ta rufe masa baki ta yi hakan, ta tura wa wani zaure na marubuta. Yanzu labarin ya buɗe da tsoho a kan benci a tashar Kawo, kullum safiya yana kallon wata budurwa tana shiga motar zuwa aiki. Ta san ko shi wane ne, amma sai ta kau da kai. Wannan ma ba ƙirƙira ba ce, haka ta yi wa mahaifinta bayan ya dawo.

Kafin a tashi aiki saƙonni sun cika wayar. Wata ta ce ta yi wa tsohon kuka. Wani ya ce yarinyar nan ba ta da imani. Ko da suka kai babin tafiyarsa ba su huce ba, sai cewa suke yi wa ya san abin da ya kore shi.

Nan kan Nafisat ya ɗaure. Ko wasali ba ta canza ba! Mutum ɗaya, laifi ɗaya, an tsine masa da safe an yi masa kuka da rana. Ta gwada farawa daga tsakiya, abin ya ƙara cakuɗewa, har ita da ta rubuta ta rasa wanda take jin haushi. Tsoro ya kama ta, don in fushin da ta rayu da shi ya dogara ne da inda aka fara, to me ta riƙe duk shekarun nan?

Ta sami mahaifiyarta Hansai tana tsinkar zogale a tsakar gida, ta karanta mata duka biyun.

"Umma, wanne ne gaskiya?"

"Duka," in ji Hansai. "Ke kin fara daga ranar da ya tafi ne don nan wayonki ya fara. Ni da zan ba da shi, daga ranar da ya zo zance da motar da sai an tura zan fara, kuma dariya za ki yi. Ba wai na manta abin da ya yi mana ba ne fa."

"To ƙarshen fa?"

"Ikon Allah. Mutum yana numfashi kin rubuta masa ƙarshe?"

Ranar Asabar Nafisat ta shiga mota a Kawo. Ba sulhu ya kai ta ba, tambaya ce, kuma ta tsara ta tsaf a hanya: me muka yi maka? A bakin ƙofa Gwaggo Talatu, ƙanwar mahaifin nata, ta riƙe mata hannu.

"'Yata, ki yi haƙuri da abin da za ki ji. Jiya da yau sun cakuɗe masa."

Yana zaune a kan katifa, ya rame, yana lalube ƙarƙashin matashi. Ya ɗago ya dube ta, fuskarsa ta washe.

"Hansai, ina makullin mota? Zariya kawai zan kai fasinja." Ya rage murya. "Kada ki tashi Nafisa. In ta farka kuka za ta yi, ta ce sai ta bi ni. Ki ce mata kafin la'asar na dawo."

Ta tuna tambayar da ta zo da ita. Wa za ta yi wa ita? Wanda ya tafi ba ya ɗakin, tsohon kan benci ma ba ya nan. Wanda ke gabanta bai riga ya fita ba. Ta durƙusa a gefen katifar, ba ta san ko fushi take yi ko tausayi ba.

"Baba, ai ga ta nan, ta riga ta tashi."

Hannunsa ya daina laluben. Ita kuwa hawaye ya ƙwace mata, irin na yarinya ƙarama.

"Ash, kin gani ko?" in ji shi. "To bar kukan. Ɗauko takalmanki mu tafi tare."