Kujerar Iyaye

"Tsaya nan," in ji Mama Odessa, ta ɗaga cokali kamar mai tare mota. "Sau nawa ka ce 'tsaro' a amsar nan?"

"Sau biyu," in ji Cedric.

"Huɗu," Ignacio ya ce, bakinsa cike da soyayyen ƙwai. "Ina ƙirgawa. Ka kai biyar su ba ka hula da kulki, su tsayar da kai ƙofar banki."

Ƙarfe bakwai ba ta cika ba, amma su ukun sun riga sun kama teburin lungu a shagon abincin Bernice, inda malaman makaranta baƙar fata da 'yan asalin Latin na garin suke haɗuwa kowace Asabar, shekara goma sha biyu ke nan. Yau Alhamis ce, zaman na musamman ne. Da ƙarfe biyu na rana Cedric Whitlow zai zauna gaban kwamitin hukumar ilimi, yana neman kujerar shugaban makarantar Titin Dunmore.

Mama Odessa Pruitt ce ta kafa teburin. Ita ce baƙar mace ta farko da ta taɓa shugabantar makaranta a gundumar. Ta yi ritaya tuni, gwiwarta ɗaya ta ƙarfe ce, amma bakinta bai ajiye aiki ba. Lokacin da ta fara tara su, shugabannin makarantu uku ne kacal ba farare ba cikin arba'in da ɗaya, alhali yawancin yaran da ke cika azuzuwan baƙaƙe ne. Yanzu sun kai goma sha ɗaya, takwas daga cikinsu a teburin nan aka gasa su kafin su fita. Ignacio Beltrán shi ne na takwas, kuma har yau bai daina tuna wa kowa ba.

"Ɗana, ka saurare ni," in ji ta. "Kai malamin lissafi ne. Sun ga tsawonka, sun ji muryarka, suka rataya maka oba-oba a ƙugu suka ce je ka raba faɗa. Shekara goma sha ɗaya kana raba faɗa. Yau in suka ja ka can, ka dawo da su aji. Ka ji ko?"

"Na ji, Mama."

"Ba ka ji ba. Sake daga farko."

Ya sake. Wannan karon ya yi maganar karatun safe da ya ƙirƙiro shekara huɗu da suka wuce, da malamai biyun da ya lallaba suka riƙa zuwa da wuri, da yadda yaran da ake turawa gida suka ragu da rabi. Mama Odessa ba ta yaba ba, ba ta saba ba, sai dai ta tura masa sauran biskit ɗinta, duk ɗan teburin kuwa ya san ma'anar wannan.

"Ga kuma kujerar iyaye bana," Ignacio ya ce yana goge baki. "Shekara biyu muna cika zauren hukuma kafin su yarda uwa ko uba su zauna cikin masu zaɓe. Ko wa aka turo, namu ne. Ƙuri'a ɗaya tana aljihunka, ɗan'uwa."

"Kujera muka nema musu," in ji Mama Odessa. "Ba mu ce ga abin da za su faɗa in sun zauna ba."

Cedric ya isa makarantarsu kafin ƙararrawa. Da hantsi shugabansa, Mista Lindqvist, ya kira shi ofis. Mutum ne mai kirki a hanyarsa, ba ya manta ranar haihuwar kowa. Ya miƙa masa takardar shaidar da ya rubuta wa kwamiti, fuskarsa cike da jin daɗin kansa.

Cedric ya karanta a tsaye. An ce shi dutse ne. An ce in ya tsaya a baranda ko ƙuda ba ya wucewa. An ce yara mafi taurin kai suna shakkar inuwarsa. Ya juya bayan takardar ko akwai saura. Babu.

"Ta yi kyau, ko?" in ji Lindqvist.

"Ta yi kyau in gidan yari nake neman riƙewa. Ina karatun safe? Ina jadawalin lissafin aji bakwai da na sake wa fasali, wanda ka kai taron gunduma aka tafa maka?"

Fuskar Lindqvist ta yi ja har kunne. "Ai kowa ya san wannan, Cedric."

"Kwamiti ba su sani ba. Akwai awa uku tukuna, za ta isa." Ya ajiye takardar a tebur a hankali.

Lindqvist ya jawo madannin kwamfutarsa. "To. Gaskiyarka. Amma wani abu: 'yan aji takwas suna da wata a ƙasa yau, an ce lokacin cin abinci za a yi ta. Ko za ka tsaya zuwa ɗaya da rabi?"

Cedric ya kwance oba-obar daga ƙugunsa ya ɗora kan takardar. "Maɓallin gefe ake dannawa in za a yi magana. Ka tsaya kusa da ƙofar baya, ka kira su da sunansu. Ba tsawo ba ne, sunan ne."

Biyu saura kwata yana hawa na uku a ginin hukumar ilimi, sabuwar takardar tana cikin jakarsa. Da aka kira shi ya shiga da fara'a, ya gaisa da shugabar kwamiti, Dakta Hargrove, da jami'ai biyu, da wakilin malamai. Sai idonsa ya kai kujerar ƙarshe.

Wata mata ce cikin shuɗin kayan ma'aikatan asibiti, da alama daga aiki ta wuto. Ba ta miƙo hannu ba. Katin da ke gabanta ya ce Yolanda Tate, amma bai buƙaci kati ba. Ya san ta tsaye a ƙofar ofishinsa, jaka a hannu, an taso ta daga aiki ta zo ɗaukar ɗanta Marquis. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Ya zauna. Tambayoyin farko suka zo yadda Mama Odessa ta ce za su zo. Ɗaya daga cikin jami'an ya ce makarantar Dunmore tana buƙatar hannu mai ƙarfi, yaya zai yi da masu tada fitina? Cedric ya ba shi amsa a taƙaice, ya juya da su aji. Ya yi bayanin karatun safe, ya faɗi yadda zai shiga kowane aji sau biyu a mako, da yadda zai haɗa sabon malami da tsoho. Dakta Hargrove tana ta rubutu tana gyaɗa kai. Wakilin malamai har dariya ya yi a wani wuri. Ita kuwa matar ba ta taɓa alƙalaminta ba.

"Misis Tate, ko kina da tambaya?" in ji Dakta Hargrove.

"Ina da ita." Ta haɗa hannuwanta kan tebur. "Mista Whitlow, ka gane ni?"

"Na gane ki. Mahaifiyar Marquis."

"Sau nawa ka tura shi gida?"

Dakta Hargrove ta yi gyaran murya. "Misis Tate, ba ma kawo maganar wani yaro da suna a nan. Kuma in akwai tsohuwar matsala tsakaninku, da kin sanar—"

"Na sanar, a rubuce, aka ce babu komai. Ɗana ne, ni na haife shi, ina da ikon kiran sunansa. An ce mini wannan kujera ta tambaya ce. Ko ta ado ce?"

"A bar ta ta yi," in ji Cedric. Ya juya gaba ɗaya ya fuskance ta. "Sau tara."

"Sau tara. Yau shekararsa goma sha tara, in takarda ta zo masa sai ya jira na dawo daga aiki na karanta masa. Na zauna ina jin ka kana zuba bayani mai daɗi kan karatu. Ina wannan mutumin yake lokacin da ɗana yake hannunka?"

Cedric ya san akwai amsoshin da za su fitar da shi lafiya: doka ce ta tanadi haka, ba shi ya rubuta ta ba, ba shi ke koyar da karatu ba. Duk gaskiya ne. Ya bar su inda suke.

"Bai zo ba tukuna," ya ce. "Sau tara Marquis ya zauna gabana, ban taɓa miƙa masa littafi na ce karanta mini layi ɗaya ba. Bayan ya bar makaranta ne na zauna da fayil ɗinsa, na lura duk faɗan da ya yi, ko dai a darasin da ake karatu da ƙarfi ne, ko dab da shi. Gara a kore shi da a ji shi yana in'ina gaban 'yan aji. Na ciro fayilolin sauran yaran da na tura gida a shekarar, na ga yawancinsu haka suke. Daga nan karatun safe ya fito. Ɗanki ne ya koya mini aikina, Misis Tate, kuma shi bai amfana da komai ba."

"Ka taɓa gaya masa?"

"A'a."

"Me ya hana?"

"Kunya."

Ta dube shi har sai da jami'in da ke kusa da ita ya fara wasa da biro. "In aka ba ka Dunmore," ta ce, "ƙaramata tana can, aji shida. Me zai canja?"

"Ba yaron da za a tura gida sai an zaunar da shi an ji karatunsa, kuma sai na yi magana da uwarsa ko ubansa da bakina. Duk wata zan kawo wa iyaye adadin waɗanda aka dakatar, aji-aji. In na fasa, kin san hanyar zauren hukuma. Ku kuka cika shi shekara biyu."

Sai a lokacin ta ɗauki alƙalami ta rubuta wani abu gajere. Dakta Hargrove ta gode masa, ta ce za a ji sakamako ranar Litinin.

A filin ajiye motoci ya kira Mama Odessa ya ba ta labari tun daga farko har ƙarshe.

"Yolanda Tate!" in ji ta, sai ta fashe da dariya. "Ita ce ta kawo mata goma sha huɗu daga cocinsu ranar da aka kaɗa ƙuri'ar kujerar nan. To, ka yi ƙarya?"

"Ko ɗaya."

"Shi ke nan. In sun ba ka, ka ci. In ba su ba ka ba, akwai makarantu biyu da za su buɗe a bazara, mu koma tebur. Ka je ka ci abinci."

Yana buɗe ƙofar mota ya ji takun takalmi a bayansa. Misis Tate ce, jaka a kafaɗa, tana sauri za ta tari bas.

"Kar ka tambaye ni wa na zaɓa," ta ce tun kafin ya buɗe baki. "An rantsar da mu."

"Ba zan tambaya ba."

"Kuma kar ka ɗauka na huce. Magana ce ka yi mai kyau gaban mutum biyar masu riƙe da aikin da kake so. Kowa zai iya." Ta gyara jakarta. "Yana aiki a shagon taya na Titin Calloway, bayan gidan mai. Biyar yake tashi."

Ba ta jira amsa ba, ta wuce.

Cedric ya duba agogo. Uku da minti ashirin. Makarantarsu tana hagu, Titin Calloway yana dama, can tsallaken layin dogo. Ya ba da siginar dama.

Shagon yana warin roba da baƙin mai. Ya tambayi mai gidan, aka nuna masa can ciki, inda wani dogon saurayi ya durƙusa yana ɗaure notocin tayar wata tsohuwar motar ɗaukar kaya. Ya yi faɗi, ya tara gemu, amma yadda yake karkata kai in yana aiki bai canja ba.

"Marquis."

Saurayin ya ɗago. Yana ganin wanda ke tsaye da kwat da lakataye, sai ya miƙe zumbur, ya saki sifana ta faɗi ƙasa, ya kai hannuwansa baya.

"Me na yi kuma, Mista Whitlow?"

Cedric ya jawo wata tsohuwar taya ya zauna a kai, da kwat ɗinsa da komai, har sai da ya zama shi ke ɗaga kai yana kallon saurayin.

"Ba kai ba ne wannan karon," ya ce. "Ni ne. Kana da minti goma?"