Hoton Ƙafar Dogo

Dogo ya yi tsalle zai cafe ƙwallon da ta dawo daga bakin kwando, wani yaro da ya fi shi tsawo ya riga shi, Dogo kuma ya diro a kan gefen ƙafarsa ta dama. Takalmin ya tsaya daram, ƙafar ta juya a cikinsa. Alƙalin wasa ya busa usur.

Mahaifinsa yana kan bencin da ya saba zama kowace Asabar tun yaron yana ɗan firamare. Bai tashi nan take ba. Aikinsa ɗaukar hoton ƙashi ne a asibiti, Mai Hoto ma ake ce masa a can, kuma ya san wanda ya faɗi ya kurma ihu yawanci da sauƙi. Dogo bai yi ihu ba. Sai Mai Hoto ya miƙe.

Ya tarar da Koci, mai horar da su, a durƙushe yana kwance igiyar takalmin. Koci ya zura yatsa ciki, ya zaro dunƙulen auduga, ya ɗaga shi sama kamar wanda ya kamo ɓera.

"Baban Dogo, takalmin nan aro ne?"

"Nasa ne. Zai cika shi."

Haka yake sayen takalmi tun farko, lamba ɗaya gaba da ƙafar, a cusa auduga a baki. A da dabarar tana ci, kafin a ankara audugar ta fita, yatsa ya fara neman hanya. Lokacin ne aka laƙaba wa yaron Dogo. Ya kere duk sa'o'insa, aka ajiye shi ƙarƙashin kwando, aikinsa ya tsaya ya ɗaga hannu, ƙwallo ta zo ta same shi. Iyayen sauran yara sukan juyo su yi wa Mai Hoto barka, shi kuma ya karɓa da tawali'u, ya ba su labarin wani kawun yaron na wajen uwa da sai ya duƙa yake shiga ƙofa.

Daga baya sauran suka tashi. Waɗanda Dogo yake ɗora gwiwar hannu a kansu yana hutawa su ne yanzu suke leƙa tsakar kansa. Sunan ne kaɗai bai ragu ba. Wata mai zuwa za a zaɓi waɗanda za su haura ƙungiyar manya, kuma Koci bai ɓoye wa kowa ba: ƙarƙashin kwando sai dogo na gaske, ko wanda ake da tabbacin yana da sauran tsawo a gaba. Mai Hoto ya saka ɗansa a kashi na biyu, ya je ya sayo sabon takalmi.

A motar Koci suka kai shi asibiti. Nas ɗin da ke bakin aiki ta turo keken marasa lafiya tana dariya.

"Mai Hoto, yau ba hutunka ba ne? Ko kewarmu ta hana ka zaman gida?"

"Ɗana ne, Sista."

"Wannan? Jaririn da ka ishe mu da hotunansa? Ikon Allah, har da gemu! Sannu, ɗan samari."

Mai Hoto ya ce wa abokin aikinsa ya je ya sha shayi, shi zai ɗauka da kansa. Ɗakin da sanyi kamar kullum. Ya ɗora ƙafar a kan faranti, ya juya ta a hankali yadda idon sawun zai fito sosai, ya rufa wa yaron rigar dalma a ciki.

"Kar ka motsa," ya ce, ya koma bayan gilashi. A gida ya sha faɗar haka ba a ji ba. A nan an ji.

Hoton ya fito a kan allo. Ya bi ƙasusuwan ɗaya bayan ɗaya. Babu karaya, babu tsagewa. Da nan ya tsaya da ya gama aikinsa, don abin da likita ta nema ke nan. Amma ido ba ya neman izini. Kusa da ƙarshen ƙashin ƙwauri, yaro mai tasowa yana da wani siririn layi baƙi, guringuntsi ne da bai zama ƙashi ba, daga nan tsawo yake fitowa. Ya taɓa ganin irin layin a wuyan hannun yaron nan shekarun baya, a buɗe sarai, har ya kira abokan aiki su gani. Yanzu ya ƙara wa hoton girma, ya rage haske, ya ƙara haske. Fari fat, ƙashi ya haɗe da ƙashi. An rufe shago.

Likita ta duba ta ce targaɗe ne, a ɗaure da bandeji, a ɗora ƙanƙara, ya huta mako uku. Zai warke kafin ranar zaɓe.

A baranda Koci ya ja Mai Hoto gefe, ya rage murya.

"Ku da kuke ganin cikin mutum, an ce kuna iya ganewa. Akwai saura?"

"Sauran me?"

"Haba, Baban Dogo. Tsawo. In akwai ko ɗan yatsa uku ne, zan riƙe masa gurbi."

"Ni karaya aka ce in duba," in ji Mai Hoto. Koci ya dube shi, ya ce zai je ya juyo da mota.

Dogo yana zaune a gefen gado, ƙafar a naɗe, takalmin a cinyarsa.

"Baba, me ka gani?"

"Ka ji likita. Targaɗe."

"Ba wannan ba. Ta gilashi nake kallonka. Ka cire tabarau ka goge. Haka kake yi in Mama ta tambaye ka ko ɗinkinta ya yi kyau."

Mai Hoto ya jawo kujera ya zauna. Ya ɗauko muryar da yake yi wa 'yan uwan marasa lafiya bayani da ita, ya fara daga guringuntsi, ya bi ta kan yadda ƙashi ke tasowa, ya yi ta kewaye kamar mai neman gida a baƙuwar unguwa. Da hanya ta ƙare masa sai ya ce, "Tsawon ya tsaya. In an ƙara, ba abin da za a gani da ido ba ne."

"To," in ji Dogo.

"To kawai?"

"Baba, wandon makarantar da nake sawa na bara waccan ne. Ko sau ɗaya ba a kai wa tela ya sake shi ba. Mama ma ta sani."

"Ta sani?"

"Ita ta ce a ƙyale ka, wai kana jin daɗin abinka."

Wani ya wuce da gadon mara lafiya, ƙafa ɗaya tana ƙara. Suka jira ya yi nisa.

"Tun bara nake zuwa fili da sassafe," Dogo ya ci gaba, "ina koyon jan ƙwallo da rabawa. A nan ba ruwansu da tsawo."

"Za su ɗauke ka a wurin?"

"Da wuya. Akwai waɗanda suka fi ni. Su tun suna yara suke yi, lokacin ni ina tsaye ƙarƙashin kwando ina ɗaga hannu, kai kana tafi."

Bai faɗa da zafi ba, kamar mai ba da labarin ruwan da aka yi jiya. Mai Hoto ya kai hannu ga tabarau, ya tuna, ya sauke.

"Ba dole Koci ya sani yanzu ba. In ya riƙe maka gurbin, ka shiga, daga baya..."

"Duk wata da tef yake auna mu, Baba. Kunyarka yake ji. Kira shi, ni zan faɗa masa."

Koci ya shigo da makulli a hannu. Dogo ya gaya masa a taƙaice, ya ce a cire shi daga masu tsayawa ƙarƙashin kwando, a gwada shi cikin masu raba ƙwallo. Koci ya sosa ƙeya.

"Ka san wurin a cike yake. Ban yi maka alkawari ba."

"Na sani, Koci."

"To ka warke tukuna. Kuma ka zo da takalmin da ya san ƙafarka."

Dogo ya ƙi hawa keken. Ya rataya hannu a kafaɗar mahaifinsa, yana ɗingishi, suka nufi ƙofar fita. Ƙofar ta gilashi ce, an goge ta da safe. Mai Hoto ya ga mutum biyu suna tahowa a cikinta, kafaɗa daidai da kafaɗa, ko takarda aka ɗora a kawunansu ba za ta karkace ba. Ya juya ya dubi ɗansa. Bai ɗaga kai ba, bai sunkuyar ba.

"Baba," in ji Dogo, "rage sauri."