Naɗin Mariƙin Sanda

Tana cikin matse tsumma a ruwan sanyi Koci ya turo ƙofar ɗakin asibitin da ƙafa, jakar kayan wasa a kafaɗarsa, kan sanda ya leƙo ta sama. Maman Gimbiya ta dubi jakar kafin ta dubi mai ita, nan take zuciyarta ta hau tafasa.

"Amaryarmu, sannu da jinya. Ya mai jiki?"

"Ga shi nan yadda kuka kawo min shi."

Mijinta na kishingiɗe, gefen kansa a kumbure kamar an cusa lemo ƙarƙashin fatar. A ƙungiyar ƙasa ta hoki, wasan da ake buga ƙwallo da sanda, Garkuwa suke ce masa, don in an ba abokan karawa bugun kwana shi ke fara fitowa daga raga a guje, ya tari ƙwallo da jikinsa. Ƙwallon kuwa ba ta da maraba da dutse. Jiya a wajen atisaye ya tare ta lafiya, ya cire abin kare fuska ya jefar waje, kamar yadda dokar wasan ta ce a yi da zarar kwana ta wuce. Sai wani ya sake ɗirko ta, ta same shi a gefen kai. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza, ba gudu, ba wasa, sai an ga yadda hali ya yi.

"Yau da yamma jirginmu zai tashi," in ji Koci. "Wasan nan shi zai kai mu gasar duniya. Ban ce ya buga duka ba, kwana kawai zai riƙa tare mana."

"Ai kwanar ce ta kawo shi nan! Ko kai ma ƙwallon ta taɓa ka ne?"

"Haba, Maman Gimbiya," mijin ya ce, muryarsa na ja. "Da Koci fa kike magana."

"Kocinka dai. Ni ba ya koya min komai. Haƙoranka na gaba na roba ne, yatsan nan naka ya ƙi lanƙwasuwa tun kafin in haihu, duk na yi shiru. Yanzu kai ake so a ɗauke min? In sun kai gasar, hoto za a yi. In ka faɗi, wa zai zo ya yi maka wanka, ƙasar?"

Gimbiya, 'yarsu da ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta riƙe ƙafar gado tana bin bakin kowa da kallo.

"Wannan ce tafiyata ta ƙarshe," in ji mijin. "Yaron nan da ke bayana, in ya shiga ba zai ƙara fita ba. Lafiyata ƙalau, wallahi."

Ta san kuka ba ya tsayar da shi, ta gwada a baya. Sai ta share hannu a zaninta, ta zuge jakar ba tare da neman izini ba, ta zaro sandar da sabon ƙyallen da ake naɗe mariƙinta da shi. Tun aurensu, duk ranar wasa shi ke naɗin da kansa, yana hira, yana kurɓar shayi, ko kallon hannunsa ba ya yi. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa.

Ta ɗora masa su a cinya. "Naɗa. In ka naɗa kamar kullum, ni da kaina zan raka ka filin jirgi."

Ya yi 'yar dariya, ya kama bakin ƙyallen. Zagayen farko ya zauna. Na gaba ya hau karkace. Ya warware, ya sake, ya runtse ido ɗaya yana neman inda bakin ya tsaya. Gumi ya keto masa a goshi. Can sai hannun ya tsaya cak, ya zuba wa sandar ido kamar ta wani ce aka ba shi ajiya.

"Ta ina nake farawa ne ma?" ya tambaya a hankali.

Ta so a ce daɗi ta ji, amma ba ta ji ba. Koci ya sunkuya ya ɗauki jakar, abin kare fuskar na ciki, ya bar sandar a kan gado.

"Allah ya ƙara sauƙi, Garkuwa," ya ce, ya ja ƙofar a hankali.

Mijin ya juya fuskarsa bango. Ta mayar da tsumman kan kumburin, wannan karon bai ture hannunta ba.

Wani ƙwas-ƙwas ya sa ta waiga. Gimbiya ta janyo sandar ƙasa, ƙyallen na jan ƙasa a bayanta, ta duƙa irin duƙawar ubanta tana tura murfin gorar ruwa zuwa ƙarƙashin gado. Shi ma ya juyo, har bakinsa ya fara murmushi.

Maman Gimbiya ta fizge sandar, ta cilla ta saman kabad.

"Ke kuma kada ki soma," ta ce.