Manda da Tsamiya a Tafkin Alhaji Bukar

Maƙwabta sun rantse don burga Alhaji Bukar ya haƙa tafkin wanka a gidansa, amma ƙarya suke yi masa. Don jikarsa Raïssa ya haƙa. Yarinyar a Duwala take wajen ubanta Habib, ɗan Alhaji, kuma zuwanta Garwa na bara bai yi armashi ba. Zafi ya feso mata da ƙuraje, ta wuni tana kuka da Faransanci, aka mayar da ita tun hutu bai yi nisa ba. Abin ya ci tsohon ƙwarai, don ita kaɗai ce jikarsa. Da Habib ya ce ba ta da abin so kamar ruwa, Alhaji ya rushe rumfar mota ya sa aka fara haƙa, ko Allah zai sa bana ta zauna.

Jérémie, mai haɗa injin tafkin, ya ce ruwan gishiri za a yi, ba ya cin idon yara. Injin ne ke juya gishirin ya zama maganin da ke tsabtace ruwan. Ya ba Alhaji wata 'yar kwalba da maganin ɗigawa. "Wannan shi ne awon pH, Alhaji. In ya yi rawaya, tsami ya yi yawa. In ya yi jawur, kanwa ta yi yawa. Tsaka-tsaki muke so. Gishirin bai isa ba, zan ƙaro in na dawo daga Lagdo. Amma pardon, farin gishirin kanti kawai, seulement."

Nan fa ya taɓa inda ba a taɓawa. Alhaji Bukar ya yi fataucin gishiri da kanwa daga Kuseri tun uban Jérémie bai fara sa wando ba. Shi za a koya wa gishiri? Gishirin kanti ma, wanda ba a san asalinsa ba, alhali ga manda, baƙin gishirin nan na gargajiya, jibge a sito, wadda ake ba doki ya yi ƙiba, a ba mai ciwon ciki ya miƙe? Jikarsa ta fi ƙarfin gishirin leda. Jérémie na juya baya, Alhaji ya sa aka juye buhunan manda a ruwa, yana tsaye yana bismilla.

Da gari ya waye tafkin ya zama fari fat kamar an dama nono. Alhaji ya ɗebi ruwan a kwalba, ya ɗiga magani, ya ga jan da ya fi zoɓo. Ya buga wa Jérémie waya.

"Me kuka zuba, Alhaji?"

"Gishiri."

"Wane iri?"

"Na mutunci."

Jérémie ya yi bayani a hankali. Manda cike take da kanwa, ita ta rinjayi ruwan, ta kashe ƙarfin maganin, kuma za ta daskare a cikin injin. Sai an karya ta da asid, kaɗan-kaɗan, ana zubawa ana awo. "Kada a taɓa komai sai na zo, don Allah."

Hajiya Hawa'u, matar Alhaji, tana gefe tana tsince shinkafa, kuma duk ta ji. Mace ce da ba a taɓa kawo mata matsalar da ba ta da magani a madafarta ba.

"Alhaji, wai kanwa ce ta yi yawa? Shi ne ake ta wannan dogon Faransanci? In kanwa ta zarce a kunu, me ake sa mata?"

Alhaji ya dube ta. Rabon da ya ji yana son matar nan haka, an jima.

"Tsamiya," in ji shi.

Kafin azahar an kwashe tsamiyar babbar kasuwa, har masu kunu suna tambaya ko wani abu ya faru a Najeriya. Aka jiƙa ta a manyan tukwanen biki, Hajiya na tacewa da rariya, Alhaji na juya tafkin da gora. Abin haushin shi ne, da farko dabarar ta ci. Jan kwalbar ya ɗan sassauta, Hajiya ta rangaɗa guɗa, Alhaji ya ce a ƙara.

Washegari ruwan ya koma kalar miyar kuka, yana kumfa, yana tashin tsami. Ƙudan zuman unguwa kaf suka hallara. Akuyar maƙwabci ta tsallako katanga ta sha, ta koma ta kirawo 'yan'uwanta.

Jérémie ya iso ya tsaya a baki, ya cire hula, ya mayar. "Alhaji, wannan ya wuce asid. Sai dai a sa masa gero a raba sadaka." Babu yadda za a yi sai an zubar, an wanke, an sake tara sabo. Ga famfon unguwar ba ya sauri, ga su Raïssa sun riga sun sauka daga jirgin ƙasa a Ngawundare, suna cikin mota.

Da suka shigo gidan, ruwan ko idon sawu bai gama rufewa ba. Alhaji ya ji kunyar da bai taɓa ji ba a kasuwa ko a gaban alkali. Ya gaisa da ɗansa yana kallon ƙasa, yana jiran kukan bara.

Raïssa ta leƙa ramin, ta tuɓe takalmi, ta sauka tsani. Ta buga ƙafa ruwa ya fantsama, ta ƙyalƙyale da dariya. Sai ta ɗago hannu. "Papi, viens!" Wato Kaka, zo.

To, Alhaji Bukar bai iya iyo ba. Ya haye kogin Logon a kwalekwale sau ba adadi, kullum idonsa a rufe yana salati. Da tafkin ya cika yadda aka tsara, da a kujera zai zauna yana kallo daga nesa. Amma wannan ruwan ko kaza ba zai ci ba. Ya tattare wando ya sauka, yarinyar ta watsa masa ruwa a gemu, ya rama, ta ture shi ya zauna daɓas da babbar rigarsa. Hajiya ta riƙe ciki tana dariya har da hawaye.

Can Raïssa ta ɗaga kai ta yi wa ubanta wata magana mai tsawo.

"Me ta ce?" in ji Alhaji.

"Baba, wai ba za ta koma Duwala ba sai ta ga ruwan ya cika har baki."

Alhaji ya gyaɗa kai kamar maganar ba ta dame shi ba. Ya hau tsani yana ɗigar ruwa, ya ce zai duba wani abu a bayan gida. Ya je wajen famfon, ya waiga hagu ya waiga dama, ya murɗa shi baya har sai da ruwan ya koma zirara kamar zare.