Gawa Ba Ta Tashi da Kanta

Igwa ta yi tsawa, Delbert Skaggs ya dafe ƙirji ya zube cikin ciyawa kamar yadda ya saba duk shekara. Ya mutu ke nan.

A garinmu na Tullis Ford, nan jihar Kentucky, duk bazara sai mun yi wasan kwaikwayon yaƙin basasar Amurka a filin bayan coci. 'Yan Arewa da shuɗin kaya, 'yan Kudu da ruwan toka, bindigogi ba harsashi sai hayaƙi. Kakanninmu a gida ɗaya yaƙin ya raba su, wa a can ƙane a nan, shi ya sa muke da ƙa'ida: wanda ya faɗi ba ya tashi da kansa, sai abokin gaba ya miƙa masa hannu. Da haka muke tuna yadda ƙasar ta sake haɗewa.

Delbert ruwan toka yake sawa, yayansa Orrin shuɗi, kuma tun suna samari Orrin ke ɗaga shi. Amma tun zaɓen da ya wuce, da suka yi cacar baki kan siyasa a gaban akushin talo-talo na bikin Ranar Godiya, kowa yana kiran ɗan'uwansa maci amanar ƙasa, ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba. Matar Delbert ta rasu, 'ya'ya sun watse birane. Orrin kaɗai ya rage masa, yau kuwa bai gan shi a sahun masu shuɗi ba.

Aka busa ƙaho. Gawawwaki suka yi ta miƙewa ana dariya, ana kaɗe wando. Delbert bai motsa ba.

Lorna mai shirya taron ta tsaya a kansa tana gaigayar masara.

"Delbert, yaƙi fa ya ƙare. Ko da gaske ka mutu ne mu kira fasto?"

"Gawa ba ta magana, Lorna."

"To ga Hoyt can da shuɗin kaya, bari ya ɗaga ka."

"Da Hoyt na yi faɗa?"

"Kai dai da taurin kai! To kwanta, cinnaku su yi biki."

Motoci suka riƙa ficewa. Aka naɗe tuta, aka ja igwar. Filin ya yi tsit, sai wani hankaka can kan rufin coci. Hadari ya fara haɗowa, bayan Delbert ya sage. Ya san in ya miƙe da kansa, shi ke nan, ba shi da kowa.

Can sai ya ji taku, a hankali, da ƙwanƙwasar sanda.

Ya buɗe ido. Orrin ne, amma ya rame ya ƙanjame, shuɗiyar rigar tana reto a jikinsa kamar an rataya ta a ƙusa.

"Ɗan tawaye, har yanzu kana nan?"

"Yaya... me ya same ka haka?"

"Ciwo. Ina ruwanka? Tun safe ina cikin mota ina kallonka. Mutuwar ma ba ka iya ba, kamar an yar da buhu."

"Shi ne ba ka aiko mini ba?"

"In aika wa maci amana? Kawo hannun, kada ruwa ya sauko."

Delbert ya miƙa. Orrin ya yar da sandar, ya cije leɓe, ya ja iya ƙarfinsa. Ƙafafunsa suka ƙi. Ya tafi luu, ya zube gefen ƙanensa yana haki.

Suka kwanta nan, shuɗi da toka, ba kowa a filin. Yayyafi ya fara sauka. Orrin bai saki hannun ba.

"To, sarkin wayo," in ji shi, "yanzu wa zai ɗaga wa?"

Delbert ya yunƙura ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kafaɗar yayansa. Ba nauyi ko kaɗan.