Jan Fenti a Famfon Mofiz

Ɗigo ɗaya kawai Shefali ta nema, Jobeda kuwa ta cika mata tulu.

Ai dole. Famfon tuƙa-tuƙa ne da marigayi mijinta Mofiz ya haƙa sadaka a ƙauyensu na bakin kogin Meghna, ya ce duk wanda ya sha, ladan zai iske shi a kabari. Gida goma sha ɗaya ke ɗiba. Shekara ashirin ke nan da ma'aikata suka gwada ruwan, suka shafa wa bakin famfon koren fenti, alamar lafiya. Ja kuwa alamar guba. Tun daga nan, kowace Sallah Jobeda ke sabunta koren da hannunta. Ba ta taɓa zaton ruwa na sauya hali ba.

Sai ga baƙaƙen ɗige-ɗige a tafin hannun Rokeya, matar ɗanta. Shi ne asibiti suka turo Shefali ta gwada ruwan.

"Khala, tulu guda? Wanka zan yi?" in ji Shefali. Khala, wato inna.

"Ke dai sha ki ji. Madubin ɗakinki bai kai shi haske ba."

Shefali ta yi dariya, amma ba ta sha ba. Ta fito da wata na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, ta zura mata ɗan tsinke mai zinariya a baki, ta ɗiga ruwan a kai.

"Zinariya a kan tsinke!" in ji Jobeda. "Ni da aka kai ni ɗakin miji da ɗan kunne ɗaya!"

"Lantarki zai kira gubar, Khala. In akwai arsenik, zai zo ya kwanta a kan zinariyar. Sai a sallame shi, yana tashi na'ura na ƙirgawa."

"Kira? Kunne gare shi?"

Suka zuba ido. Wani siririn layi ya miƙe a fuskar na'urar, tiryan-tiryan, sannan ya yi sama kamar tozon bijimi. Shefali ta daina murmushi.

"Ya ninka iyaka sau shida."

"Wa ya zuba mana?"

"Ba kowa. Koguna ne suka gangaro da shi daga duwatsun arewa tun ba a kafa ƙauyen nan ba. Yana kwance cikin yashi, a hankali yake narkewa."

Jobeda ta sunkuya har hancinta ya kusa taɓa ɗigon. Yana nan garau, har inuwar bishiyar kwakwa ake gani a ciki. Dutsen da ba ta taɓa gani ba, ashe kullum tana dafa shinkafa da shi.

"Subhanallahi," ta ce a hankali. "Shekara da shekaru harshena bai ji ba. An tambayi ɗigo, ya faɗi gaskiya."

Shefali ta buɗe gwangwanin jan fenti, ta ce daga yau ruwan sha sai a rijiya mai zurfi ta makaranta.

"Ma," Rokeya ta raɗa wa surukarta, "kar ki bari. Sadakar Abba ce fa."

Jobeda ta kama hannuwan Rokeya, ta juya su, ta daɗe tana kallo. Sannan ta karɓi burushin daga hannun Shefali.

"Wanki fa?"

"Wanki ba laifi, Khala."

"To, Mofiz ya yi haƙuri da ladan wanki. Da ma bai taɓa wanke ko hularsa ba."

Ta yi bisimilla ta shafa, shafi biyu, yadda ta saba kowace Sallah.