Tayar Gaba

Kofin shayi na hannunsa lokacin da muryar 'yarsa ta fito daga rediyon ofis.

"Mun saki tayoyi. Na baya sun nuna kore, ta gaba fitilarta ta ƙi kamawa. Mun bi matakan gaggawa, har yanzu shiru."

Shi ne babban makaniken da ke bakin aiki a ranar. Ita kuwa autarsa ce, mataimakiyar matuƙi a jirgin da ke cike da fasinjoji, yana shawagi saman filin jirgin. Ya ajiye kofin a gefen tebur, kofin ya faɗi, babu wanda ya kalle shi.

Dogo, jami'in da ke tsara tashin jirage da saukarsu a kamfanin, ya miƙo masa abin magana.

"Baba, za ka iya, ko in nemo wani?"

"Wa za ka nemo? Duk suna can suna gyaran wani jirgin. Miƙo."

Ya gyara murya. "Kun gwada ƙwan fitilar?"

"Mun gwada, injiniya. Ƙwan lafiya lau yake."

Injiniya. A rediyo babu Baba, babu Auta. Shi ya koya mata haka tun tana makaranta, amma yau kalmar ta soke shi.

Kyaftin, babban matuƙin jirgin, ya karɓi maganar. Za su sauko ƙasa-ƙasa su ratsa saman titin jirgi, makanike ya duba da madubin hangen nesa. Akwai wani ƙarfe a bayan tayar: in a miƙe yake, ta kulle, in ya lanƙwashe kamar gwiwar hannu, za ta naɗe da zarar ta taɓa ƙasa.

"Man da ya rage mana na wucewa ɗaya ne, sai sauka," in ji kyaftin. "A buɗe ido."

Direban motar aiki ya kai shi bakin titin. Rana ta take, kwalta na tururi. Ya tsaya ya kafa ƙafafu, yana addu'a a ransa. Wannan aikin ya sha yin sa, bai taɓa kuskure ba.

Jirgin ya taho, ƙararsa ta cika masa ƙirji. Ya ɗaga madubin. Hancin jirgin ya shigo, sai taga. Ga ta nan, a kujerar dama, abin saurare a kunne, ta karkata kai kamar yadda take yi tana yarinya in lissafi ya ba ta wuya. Ya bi fuskar da ido. Ya ci gaba da bin ta.

Da ya sauke madubin zuwa ƙasa, wutsiyar jirgin kawai ya gani tana hawa sama.

"Baba, ƙarfen a miƙe yake?" Muryar Dogo ce daga rediyon hannu.

Sau da yawa irin wannan matsala ta wayar fitilar ce kawai, ya san haka. Kalma biyu ce, "a miƙe", kowa ya samu natsuwa. Ya dubi direban, direban ya kau da kai.

"Ban gani ba."

"Rana ce ta kashe maka ido?"

"Ban duba ba."

Dogo ya ce, a hankali, "Inna lillahi. Baba, kai?"

Kyaftin bai tambayi dalili ba. "To. Za mu sauka a kan cewa ba ta kulle ba. A fito da motocin kashe gobara. Za mu sa fasinjoji su dunƙule."

"An fahimta," in ji autar. Ko rawa muryarta ba ta yi ba.

Ya ga motocin suna jeruwa. Ya ga jirgin ya juyo, tayoyin baya sun daki ƙasa da hayaƙi, hancin na sama an riƙe shi, an riƙe shi, har gudun ya ragu. Sannan ya sauko. Tayar ta taɓa kwalta, ta girgiza, ta tsaya da ƙafarta.

Bai san lokacin da ya zauna a ƙasa ba.

An sauko da fasinjoji, wasu na kuka, wata dattijuwa sai da aka tallafe ta. Ma'aikatan jirgin ne ƙarshen fitowa. Autar ta taho inda yake, hula a hammata, ta durƙusa.

"Sannu, Baba."

"Sannu, Auta. Ba ki ji ciwo ba?"

"Ban ji ba." Ta dubi madubin da ke rataye a wuyansa. "Ni kake kallo, ko?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta karkaɗe masa ƙurar da ke kafaɗarsa, ta miƙe.

"Zan roƙi Dogo ya daina haɗa ranakun aikinmu. Ka tashi, kyaftin na son ganin ka."